Wuta Ta Biyu a Gidan Bidasariya

Duk wanda ya zauna a Kalkata ya san a wani zamani da wuya mutum ya wuni bai jefa wani abu a aljihun attajirin nan Seth Puranmal Bidasariya ba. Buhun da aka zubo maka shinkafa nasa ne, simintin da ya riƙe rufin ɗakinka nasa ne, ganyen shayin safe nasa ne, har ashanar da ka ƙyasta ka dafa shayin tasa ce. Jaridu suna ce masa mai hangen nesa, ɗaliban kasuwanci suna rubuta jarrabawa a kan dabarunsa. Mu da muka san gidan, dariya kawai muke yi. Bawan Allahn nan bai taɓa hango komai ba. Tsoro ne ya yi ta korarsa har ya wayi gari da kamfanoni sama da talatin, kuma abin da yake tsoron bai wuce murhu ba.

Maganar ta samo asali daga kakansa Jhabarmal, wanda ya baro ƙauyensu na Bidasar da ke cikin rairayin Rajastan da buta ɗaya, da bargo, da garwashi a kasko. Ya sauka a kasuwar Barabazar ta Kalkata ya kama dillancin ramar buhu, ya hura garwashin a wani lungu, tun daga ranar wutar ba ta mutu ba. Da arziki ya zo, tsohon ya tsaya ya kalli yadda gidajen 'yan'uwansa 'yan kasuwa ke rushewa. Yau wannan ɗan ya ce matarsa za ta riƙa dafa nata, gobe ka ga lauya a zaure. A wajen mutanenmu gida ɗaya ne muddin murhu ɗaya ne, ranar da aka raba tukunya an raba gado, ko alƙali ya san da haka. Sai ya tara 'ya'yansa a gaban murhun, ya sa suka dafa kansa suka rantse cewa duk ɗan zuriyar nan daga wutar nan zai ci. Ranar da wani ya kunna wutar girki ta biyu, a raba komai da komai. Wanda ya kunna kuwa shi ne na ƙarshen zaɓa, zai jira kowa ya ɗiba, ya kwashi abin da ya rage. Wasu suna cewa zumunta a ƙafa take, shi tsoho ya ce tasa a tukunya take.

Puranmal yana da shekara ashirin da 'yan kai aka yi masa aure da Kesar, 'yar wani mai sayar da atamfa. A al'ada, bayan an kawo amarya akan ba ta murhun gida na yini guda ta yi girkin fari. Halwa take tuƙawa da garin alkama da man shanu da sukari, miji ya fara ci, ƙanensa ya biyo, kowa ya ci ya ajiye mata tukwici. Kafin ta yi wannan, amarya baƙuwa ce da ake ciyarwa. To, ran girkin Kesar, ta yi wanka ta sa jan sari, man shanu ya fara narkewa a kasko, sai kuka ya tashi daga bene: uban Puranmal ya yanke jiki ya faɗi. Aka sauke kasko. Aka shiga shekarar makoki, aka ɗora Puranmal a kan farar katifar da shugaban gida ke zama a kai yana yanke hukunci, aka ce girkin amarya sai an samu rana mai kyau.

Ranar mai kyau kuwa sai Panditji, malamin gidan mai duba taurari, ya zaɓa. Ya sha zaɓa. Matsalar ita ce ranar da taurari suka yarda amarya ta yi girki, ita ce kuma ranar da suka yarda a sa hannu a ciniki. Duk lokacin da ranar ta zo, Puranmal yana Bambai ko Dilli yana sayen wani abu. Kesar takan ce, ba komai, a ɗaga. Aka yi ta ɗagawa har ta haifi 'ya'ya, ta aurar da su, furfura ta cika mata kai, tana nan a matsayin baƙuwa.

Shi kuwa bai zauna ba, don riƙe wuta ɗaya ba wasan yara ba ne. Da aka tura wani ɗan baffansa Bambai ya kula da masaƙa, dole abincinsa ya fito daga Kalkata. Aka riƙa aikawa ta jirgin ƙasa, miyar waken da ake kira dal tana isa ta yi tsami. Puranmal ya kafa masana'antar kular abinci don wannan mutum ɗaya, sai duk ƙasa ta kama saye. Da yara suka fara tafiya Landan karatu, ya sayi kamfanin jiragen sama. Kowace rana kuloli suna tafiya a kujerar manya, an ɗaure musu bel, fasinjoji kuwa an ɗebe su ne don kada jirgi ya tafi wayam. Aka kama wani jikan gidan yana gasa burodi da dutsen guga. Majalisar kamfani ta wuni a kan maganar, ta yanke cewa tunda burodin bai yi ja ba, ba a yi girki ba. Washegari Puranmal ya kwashe duk dutsen gugan gidan, ya sayi kamfanin wanki da guga. Ya sayi masana'antar ashana don ya hana kantunan layinsu sayar wa 'yan gidan. Abin haushin, duk abin da ya saya don tsoro sai ya kawo riba, ribar ta ƙara girman abin da za a raba, tsoron ya ƙaru.

Kada ka zaci abincin da ake wannan wahala dominsa wani abin a-zo-a-gani ne. Mai girkin gidan, wani tsohon Barahmin, wato ɗan zuriyar malaman Hindu, da kowa ke kira Maharaj, ba ya barin kowa ya tsallaka layin da ya ja a ƙofar madafa. Gishirin miyarsa yana bin yanayin zuciyarsa ne, zuciyar kuma kullum a ɓace take. Puranmal bai taɓa kuka da shi ba, don bai san wani ɗanɗanon ba. A mota yake ci, ko a ofis a tsaye, daga kula, waya a kunne.

Ƙanensa Nathmal shi ne ƙayar da ke cikin ƙafarsa. Nathmal yana son siminti ya zama nasa shi kaɗai, yana son ya ga sunansa a saman bene da manyan baƙaƙe, amma ba shi da wautar da zai kunna wuta da hannunsa ya zama na ƙarshen zaɓa. Sai ya zama mutum mai kyauta. Biki, suna, cin jarrabawa, warkewa daga mura, kyautar Nathmal ɗaya ce: risho mai gas, da 'yar tukunyar gas ɗinsa a cike, don kada a ce ya yi kyauta rabi. Puranmal yakan bi bayansa ya karɓe, ya kulle a wani ɗaki da makullinsa ba ya barin ƙugunsa. Daga baya ya sayi kamfanin gas ɗin ma gaba ɗaya. Nathmal kuma ya ajiye wani lauya a ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, yana biyansa albashi, ba shi da aikin komai sai shaƙar iska. Lokacin bikin Diwali, da aka jera fitilun mai a kowace taga, sauran masu kuɗi suna karɓar baƙi, Puranmal yana zagaye gida da bokitin ruwa kada wani yaro ya ɗora gyaɗa a kan fitila.

Haka aka yi shekara arba'in da wani abu, wa da ƙane suna gaisawa kowace safiya, Nathmal yana sunkuyawa ya taɓa ƙafar wansa, idonsa na kan makullin.

Sai zuciyar Kesar ta fara gazawa. Likita ya ce ta zauna a ɗakinta na hawa na uku, kada ta taka matakala ko ɗaya, kada kuma a girgiza ta. Ya ja Puranmal gefe ya gaya masa cewa bai ga alamar za ta ga ƙarshen damina ba. Puranmal ya tambayi nawa ne asibitin. Likita ya ce sayen asibitin ba zai canza komai ba. Wannan ne karo na farko da aka gaya masa haka a kan wani abu, kuma ya ji tsoron da bai yi kama da wanda ya saba ba.

Wata rana da hantsi, yana shirin fita, ta kira shi. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, tun tana amarya abin da take ce masa ke nan:

"Kuna ji?"

Ya ce yana ji, yana duba agogo.

"Ni fa har yanzu ban yi girkina ba. Ba na son in tafi a baƙuwa. In na je can aka tambaye ni gidan wa na fito, me zan ce? In ce na sauka a gidan Bidasariya na kwana biyu?"

Ya buɗe baki zai ce za a duba rana, sai ya fasa. Ya ce ta bar masa, zai san yadda za a yi.

Ya kuwa yi abin da ya iya. Kafin azahar ya sayi kamfanin lif, na'urar da ke hawa da sauka da mutane a bene. Injiniyoyi suka zo suka ƙwanƙwasa bango, suka ce gidan ya tsufa, aikin zai kai bayan damina. Ya ce a sauko da ita a kujera, likita ya ce sai dai a bi ta kansa. Ya kira mutanensa na siminti ya ce tunda ba za a sauko da mace ba, a hau da madafa: a yanko ta da murhunta da wutarta, a ɗaga da injin ɗaga kaya zuwa tagar hawa na uku. Har sun fara zane, Maharaj ya kwanta a ƙofa ya ce murhun da bai taɓa ƙasa ba ba murhu ba ne, sai dai a ɗaga har da gawarsa. Ya rage dabara ɗaya, a ɗebi garwashi daga tsohuwar wutar a kai sama, kamar yadda kaka ya kawo ta daga ƙauye. Aka tara majalisa. Lauyan Nathmal, wanda ya yi shekaru bai yi magana ba, ya tashi ya yi ta sa'a biyu. Ya ce ɗa daga jikin uwa yake fitowa, amma in za a ƙirga mutanen gida ba a cewa su ɗaya ne. Tukunya a ƙasa, tukunya a sama, wuta biyu ke nan. Nathmal ya yi tagumi, ya ce shi dai abin da ya fi masa shi ne lafiyar Bhabhi, matar wansa, amma rantsuwar kaka rantsuwa ce.

Ana cikin haka Panditji ya kawo rana: Alhamis kafin rana ta take. Kamar kullum, ita ce ranar da wasu Japanawa za su zo a sa hannu a kan masana'antar ƙarfe da Puranmal ya daɗe yana nema. Ran Alhamis da safe ya hau ya gaya mata yadda aka yi, lif da injin ɗaga kaya da garwashi da Japanawa, yana magana yana kallon ƙasa. Ta saurare shi har ya gama. Ta gyara mayafinta ta ce:

"Ba komai. A ɗaga."

Ya sha jin wannan magana, bai taɓa jin ta da kunnen da ya ji ta ranar ba. Ta faɗe ta ne yadda ta saba, ba fushi, ba gori, alhali su biyun sun san babu sauran inda za a ɗaga ta. Kunya ta kama shi, irin wadda mutum ke ji har cikin ƙashi. Ya sauko, direba ya buɗe masa ƙofar mota, ya tsaya yana kallon kular abincinsa a kujerar baya. Sai ya juya ya koma cikin gida.

Ya kwance makullin ƙugunsa ya buɗe ɗakin nan. Rishon Nathmal sun taru har rufi, wasu da kyallen ado a jiki. Ya ɗauki ƙarami guda ya rufe da shawul ɗin da yake yafawa. Ya jira Maharaj ya shiga wanka, mai kamfanin jiragen sama ya lallaɓa rumbun gidansa kamar ɓera, ya cika aljihun taguwa ɗaya da gari, ɗaya da sukari, ya ɗebi man shanu a kofin shayi. Kasko ya ɗauko na tagulla da ake zuba furanni a ɗakin bauta, ashana ma a can ya samu. Ya hau benen yana haki, gari yana bin sawunsa a matakala.

Kesar ta ga ya ajiye risho a kan ɗan teburin da ke gefen gadonta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kun san abin da kuke yi kuwa?"

"Na sani."

"Siminti zai tafi. Jirage za su tafi. Katifar baba ma sai ta tafi."

"Su je. Ta ina ake kunna abin nan?"

A nan aka ga abin dariya. Mutumin da masana'antarsa ke yin ashanar rabin ƙasa bai taɓa ƙyasta ko tsinke ɗaya ba. Na farko ya karye, na biyu ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin gado, na uku ya ƙyasta ta gindi. Kesar ta yi ta dariya har sai da ta dafe ƙirji. Ta ce ya kawo ta yi, ya hana, don in ita ta kunna ita za a ce ta raba gida. Ta riƙe masa kwalin, ta nuna masa yadda ake karkata hannu. Wuta ta kama shuɗiya, ƙarama, ba ta kai tafin hannu ba.

Ya tallafe ta da matasai ta zauna. Ta zuba man shanu, ta zuba gari, tana juyawa da cokalin maganinta. Rabonta da kasko tun ranar da aka sauke wancan, kuma hannun ya nuna haka. Ƙamshin man shanu da ƙauri suka fita ta taga, suka sauka matakala, suka shiga ɗakin da ke ƙarƙashin matakalar. Lauya ya ɗaga hanci. Shekara da shekaru yana jiran wannan iskar, sai da ya shaƙa sau biyu kafin ya yarda, sannan ya ruga ya kira maigidansa.

Nathmal ya hau benen bibbiyu, lauya na biye, yana ta lissafin wane jika ne ya faɗa tarko. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ya tura ƙofa ya ga wansa tsugune a ƙasa, gari har gira, yana riƙe wa matarsa kasko da gefen shawul. Jawabin da ya tanada tun yana saurayi ya gudu ya bar shi.

"Bhaiji, yayana," ya ce, "kai?"

"Ni ne. Ka gaya wa mutuminka ya rubuta da kyau, da hannuna na kunna."

Kesar ta ja mayafi ta rufe goshi kamar sabuwar amarya. Ta ce, "Ƙanen miji shi ne na biyun ci. Je ka wanke hannu, kada ka tsaya mini a ka kamar mai bin bashi."

Halwar dai, gaskiya ɗaya ce, ba ta yi ba. Ƙasanta ya ƙone, samanta gudaji, tsakiya gari ne ɗanye. Ta zuba wa mijinta a murfin kula. Ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ya sa hannu, zafi ya ƙona masa yatsu, don bai saba da abincin da ya fito daga wuta kai tsaye ba. Ya kai baki. Ita likita ya hana ta mai da sukari, don haka kallo kawai take yi. A gidan nan maza ke fara ci, mata su ci daga baya a wani ɗakin, shi kuma ko cikin mazan ba ya zama.

"Ashe rufe ido kuke yi in kuna cin zaƙi," ta ce. "Duk zaman nan ban sani ba."

Ya ci gaba da ci idonsa a rufe, hawaye na bin garin da ke fuskarsa, har ya kankare ƙanzon.

Nathmal ma ya ci nasa, ya yi kuka, ya cire zoben hannunsa ya ajiye mata tukwici, ya taɓa ƙafarta. Amma kuka daban, kasuwa daban. Kafin sati ya zagayo aka zauna rabo. Nathmal ya ɗauki siminti da gas, 'yan Landan suka ɗauki jirage, 'yan Bambai suka ɗauki masaƙa da shayi, har kamfanin lif da aka saya jiya-jiya ya samu mai so. Japanawa suka gaji da jira suka sa hannu da wani. Da aka zo kan Puranmal, abin da ya rage shi ne tsohon gidan da ba wanda ke son gyaransa, da masana'antar kula, wadda yanzu ba ɗan gidan da ke bukatarta. Jaridun da suka ce masa mai hangen nesa suka ce tsufa ya taɓa shi.

Kowa ya kwashe iyalinsa ya koma nasa benen da tasa madafar. Maharaj ya koma garinsu yana tsine-tsine. Tsohuwar wutar da ta zo daga Bidasar ta mutu wata rana da la'asar, ba wanda ya lura sai da aka ga mage kwance a cikin tokar.

Kesar ta ƙaryata likita, ta ga ƙarshen damina, har ta ga fitilun Diwali. Kullum sai ta yi girki a gefen gado, kullum sai ya ƙone, Puranmal ya rame ya kuma daina duba agogo. Ta hana shi kashe rishon tsakanin girki da girki, ta ce ba za ta iya kallonsa yana fama da ashana sau uku a rana ba, zuciyarta ba za ta ɗauki dariyar ba. Sai ya riƙa rage wutar kawai ya bar ta tana ci. Da sanyi ya shigo ta tafi, matar gida, ba baƙuwa ba.

Rishon yana nan a hawa na uku, a kan teburin da ke gefen gadon, yana ci ƙasa-ƙasa. Ba a dafa komai a kai. In tukunyar gas ta kusa ƙarewa, tsohon yakan kunna kyandir daga jikin wutar, ya riƙe har a sauya, sannan ya mayar. Ba ya yarda kowa ya yi masa. Gas ɗin a kamfanin Nathmal yake saye, kuma ba a yi masa ragi.